Ɓerayen Mosko, Ɓerayen Bordo: Shin Igiyoyin Maikirowef Na Taɓa Garkuwar Jiki?

A farkon shekarar 1976 ma'aikatan ofishin jakadancin Amurka da ke Mosko suka ga ana kafa ragar alminiyam a tagogin ginin. A lokacin ne aka fito fili aka gaya musu abin da gwamnatinsu ta daɗe da sani amma ta yi gum: tun cikin shekarun 1950 ake harbo wa benen igiyoyin maikirowef daga wani gini da ke tsallaken titi. Ƙarfin igiyoyin bai taka kara ya karya ba. A mafi yawan shekarun bai wuce maikirowat 5 a kan kowane murabba'in santimita ba, sai a 1975 ya haura zuwa wajen 18. Duk da haka hankalin mutane ya tashi, domin jakadan kansa, Walter Stoessel, yana fama da wata larurar jini, kuma da aka ɗibi jinin ma'aikata aka tarar da yawansu suna da fararen ƙwayoyin jini irin na limfosait fiye da yadda aka saba gani. Hukumomi suka ce wannan ba shi da alaƙa da igiyoyin. A 1978 Abraham Lilienfeld na Jami'ar Johns Hopkins ya kwatanta lafiyar mutum kusan 1,800 da suka yi aiki a ofishin da ta takwarorinsu na sauran ofisoshin Gabashin Turai, bai sami bambancin da zai ɗora wa igiyoyin ba. Stoessel ya rasu a 1986 da sankarar jini, kuma har yau akwai masu cewa biri ya yi kama da mutum.

Tun kafin a gaya wa ma'aikatan komai, sojojin Amurka sun riga sun fara lalube a asirce. A 1965 suka buɗe wani shiri mai suna Pandora, inda aka riƙa haska wa birai irin waɗannan igiyoyi a cibiyar bincike ta Walter Reed. Dalilin komawa ga dabba a bayyane yake. Ba za a kulle ɗan Adam a akwati wata guda ana haska shi ba, balle a yanka shi a ciro saifarsa a ƙirga ƙwayoyin da ke ciki. Ɓera kuwa ana yi masa duka biyun. Shi ya sa kusan duk abin da aka sani game da maikirowef da garkuwar jiki daga jikin ɓeraye aka samo shi, manya da ƙanana, tare da 'yan zomaye da birai jefi-jefi.

Mai sauraron rediyo da ya saba lalubo tasha a gajeren zango, mita 19 ko 31 ko 41, ya riga ya san rabin bayanin. Waɗannan mitoci tsawon igiyar ne. Idan igiyar ta gajarce ta koma ƙasa da mita ɗaya, har zuwa milimita ɗaya, ita ake kira maikirowef. Wayar salula mai aiki a megahaz 900 tana fitar da igiya mai tsawon santimita 33. Na'urar ɗumama abinci da Wi-Fi suna wajen megahaz 2450, tsawon igiyarsu santimita 12. Na'urar rada ta filin jirgi ma a wannan dangi take. Ba ɗaya suke da hasken eksire na asibiti ba. Eksire mai yawa yana tsinka ƙwayoyin halitta kai tsaye, yana kashe ɓargo, irin ɓarnar da aka ga danginsa sun yi ƙuru-ƙuru a Hiroshima da Chanobil. Maikirowef ba ta da wannan ƙarfi. Abin da kowa ya yarda tana yi shi ne girgiza ruwan da ke cikin nama har ya ɗau zafi, kamar yadda injiniya Percy Spencer na kamfanin Raytheon ya lura a 1945, sa'ad da alawar da ke aljihunsa ta narke yana tsaye kusa da na'urar rada.

Gardamar duka a kan tambaya ɗaya take: ban da zafin, akwai wani abu?

Hannun riga tsakanin Gabas da Yamma

A Amurka, masanin da maganarsa ta fi tasiri shi ne Herman Schwan, Bajamushe da ya koma Jami'ar Pensilbeniya bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1953 ya lissafa yawan zafin da jikin mutum zai iya fitarwa ba tare da ya galabaita ba, ya ba da shawarar kada a wuce miliwat 10 a murabba'in santimita. A 1966 wannan adadi ya zama ƙa'idar ƙasa. Tarayyar Sobiyet kuwa tun 1958 ta yanke wa ma'aikacin da zai yini a gaban na'ura maikirowat 10, wato kashi ɗaya cikin dubu na abin da Amurka ta halatta. Likitocin Sobiyet sun ce sun ga ma'aikatan rada suna kukan ciwon kai da kasala da rashin barci a matakin da bai isa ɗumama kowa ba. Amurkawa suka ce rahotannin ba su da cikakken bayanin yadda aka auna.

Ƙa'idar da yawancin duniya ke bi a yau ma daga dabba ta fito. An koya wa ɓeraye da birai danna wani ɗan maɓalli don a ba su abinci, sannan aka riƙa ƙara musu ƙarfin igiya. Da abin da jiki ke zuƙa ya kai wajen wat 4 a kowane kilo na nauyi, zafin jikinsu kuma ya ƙaru da kamar digiri ɗaya, sai su daina aikin. Wannan ma'auni na abin da jiki ke zuƙa shi ake kira SAR. Hukumar ƙasa da ƙasa ta ICNIRP ta raba wat 4 ɗin gida goma ta ba ma'aikata 0.4, ta raba shi gida hamsin ta ba sauran jama'a 0.08. Don a gane girman abin, mutumin da ke zaune bai motsa ba jikinsa da kansa yana samar da zafin da ya kai wajen wat 1 a kowane kilo.

Wani ginshiƙi na hujjar Sobiyet ya fito ne daga birnin Kiyef, a cibiyar nazarin tsaftar muhalli ta Marzeev, inda Mikhail Shandala da abokan aikinsa, irin su Vinogradov, suka yi jerin gwaje-gwaje daga shekarun 1970 zuwa tsakiyar na 1980. Suna jera ɓeraye a gaban igiya mai megahaz 2375, sa'a bakwai kullum, har kwana talatin, a ƙarfin da ya kai maikirowat 500. Wannan bai isa ya ɗaga zafin jikin dabbar yadda za a lura ba. Suka ce sun tarar jikin ɓerayen ya fara ƙera antibodi, wato makaman da garkuwar jiki ke ƙerawa don abokan gaba, amma waɗannan a kan naman ƙwaƙwalwar ɓeran kansa aka auna su. Fassararsu ita ce igiyar tana sauya wani abu a ƙwaƙwalwa har jiki ya daina gane nasa.

Ba su tsaya nan ba. Suka ɗibi jinin ɓerayen da aka haska, suka tace ruwansa, suka yi wa matan ɓeraye masu ciki allurarsa, waɗanda su ba su taɓa shiga gaban igiya ba. Suka ba da rahoton cewa 'ya'yan da ke mutuwa a ciki sun ƙaru. In har hakan gaskiya ne, to ba ƙaramar magana ba ce, domin yana nufin akwai wani dafi da ke yawo a jini wanda zafi ba zai bayyana shi ba. Sai dai an buga sakamakon da Rashanci, a taƙaice, ba tare da cikakken bayanin yadda aka gudanar da aikin ba, kuma a zamanin Yaƙin Cacar Baki babu mai leƙa ɗakin gwajin wani.

Zafi, tsoro da ƙuncin keji

A ɓangaren Yamma an ga canje-canje su ma, kuma da yawa. A 1977 wani ɗan ƙasar Folan, Wiktor-Jedrzejczak, da ke aiki a cibiyar binciken lafiya ta sojojin ruwan Amurka a Bethesda, ya haska ƙananan ɓeraye na minti talatin a megahaz 2450, bayan 'yan kwanaki ya ga wani nau'in ƙwayoyin limfosait ya ƙaru a saifarsu. Da aka ci gaba da aikin a cibiyar, sai aka gano wata zuriyar ɓeraye tana nuna canjin, wata kuwa ko gezau, abin na gado ne. A 1979 Robert Liburdy ya ɗumama ƙananan ɓeraye da igiyar rediyo har zafin jikinsu ya ƙaru da wajen digiri biyu. Limfosait suka ragu a jini, wasu fararen ƙwayoyin da ake kira niyutirofil suka ƙaru. Da ya yi wa wasu ɓerayen allurar wani sinadari mai kama da wanda jiki ke fitarwa lokacin firgita ko wahala, sai ya ga irin wannan hoto. Ralph Smialowicz na hukumar kare muhalli ta Amurka ya sami raguwar ƙarfin ƙwayoyin NK, masu farautar ƙwayoyin da suka kamu da cuta ko suka fara zama daji, amma a matakin da ke ɗumama dabbar. Da aka rage ƙarfin igiya, canjin ya ɓace.

Duk mai kiwon kaji a Kano ko Maraɗi ya san wannan darasi ba tare da ya shiga jami'a ba. In bazara ta tsananta, aka cunkusa kaji a ɗaki mai rufin kwano, ko an yi musu rigakafi sai ka ga bai kama yadda ya kamata ba, cuta kaɗan ta kwashe su. Zafi da ƙunci suna sa jiki ya zubo sinadarin damuwa, shi kuma ya danne garkuwa. Abin da aka gani a ɓerayen Liburdy da Smialowicz ke nan, kuma babu mai jayayya a kansa.

Akwai kuma abin da ke sa ɓera ya fi mutum shan wuya a irin wannan gwaji. Jiki ya fi zuƙar igiya idan tsawonsa ya yi kusa da rabin tsawon igiyar. Ƙaramin ɓera, in an cire wutsiya, bai wuce santimita shida zuwa takwas ba, wato kusan rabin igiyar megahaz 2450 cif. Shi kansa ya zama eriya. Baligin mutum kuwa ya fi zuƙa a wajen megahaz 70 zuwa 80, ƙasa kaɗan da tashoshin FM, kuma a 2450 igiyar santimita kaɗan take shiga jikinsa ta ƙare. Ga shi ɓera ba ya gumi kamar mu. Ta wutsiya yake fitar da zafi, in abin ya yi yawa ya shafe jikinsa da miyau. Saboda haka ƙarfin da mutum ba zai ko ji ba yana iya zama zazzaɓi ga ɓera.

Sai matsalar riƙo. Don a san ainihin abin da dabba ta zuƙa, sau da yawa ana cusa ta cikin wani bututun roba da bai fi jikinta ba, kai a gaba, ba juyi ba miƙewa, sa'a ɗaya ko biyu. Ɓeran da aka yi wa haka, ko ba a kunna komai ba, sinadarin damuwarsa zai hau. Shi ya sa gwajin kirki yake buƙatar rukuni uku: wanda aka haska, wanda aka cusa a bututu aka ajiye gaban na'urar da ba a kunna ba, da wanda aka bari a kejinsa yana cin abincinsa. Stanisław Szmigielski na cibiyar lafiyar soja da ke Waso ya nuna muhimmancin wannan a 1982, wataƙila fiye da yadda masu ambaton aikinsa ke so. Ya haska ƙananan ɓeraye masu saurin kamuwa da daji, sa'a biyu kullum na tsawon watanni, ya ga ƙarin ya fito musu da wuri. Ana yawan kawo wannan a matsayin hujjar cewa igiyar ta raunana garkuwa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ya ware wani rukunin da bai haska ba, ƙuntata su kawai ya yi a 'yan ƙananan akwatuna, kuma su ma ƙarin ya yi musu saurin da ya yi daidai da na waɗanda aka haska a mataki na ƙasa.

Gwajin da ya fi kowanne ɗaukar lokaci a wancan zamani an yi shi ne a Jami'ar Washinton da ke Siyatil, da kuɗin sojojin saman Amurka, ƙarƙashin Arthur Guy da C. K. Chou. Manyan ɓeraye maza 200, rabi ana haskawa, rabi ba a yi. Kowanne da nasa ɗaki, yana yawo yadda ya ga dama, a wurin da aka tsare daga ƙwayoyin cuta. Sa'a 21 da rabi kullum, wata 25, kusan duk rayuwar ɓera ke nan. An auna abubuwa 155. A wata na 13 aka yanka wasu, aka tarar ƙwayoyin limfosait na B da T sun ƙaru a saifar waɗanda aka haska. A wata na 25 aka sake dubawa, bambancin babu shi. Tsawon ransu ɗaya ne. Abu guda ya tsaya wa masu binciken a wuya: ɓeraye 18 cikin waɗanda aka haska sun yi mugun ƙari, a ɗaya rukunin 5 kacal. Amma ƙarin a warwatse yake, babu gaɓar da ta fi wata, kuma da suka buga cikakken rahoto a 1992 sun ce ba su ga tabbataccen lahani ba. In ka auna abu 155, dole wasu su bambanta ko da sa'a ce kawai. Duk da haka 18 da 5 ba lamba ce da mutum zai yi wa kallon banza ba, kuma ita ce ta sa aka ci gaba da zuba kuɗi a gwajin daji.

Wani abin da ke rikita mai karatu shi ne, rahotannin ba duka suke cewa garkuwa ta raunana ba. A garin Pushchino kusa da Mosko, Fesenko da Novoselova sun buga a 1999 cewa igiya mai rauni ƙwarai, maikirowat 1 tak, ta zaburar da garkuwar ƙananan ɓeraye, ƙwayoyinsu suka ƙara fitar da sinadarin TNF, ƙwayoyin NK suka ƙara kuzari. A asibitocin Sobiyet ma an daɗe ana amfani da igiyoyi masu tsawon milimita a matsayin magani, kuma ƙungiyar Marvin Ziskin a Jami'ar Temple ta Filadelfiya ta ba da rahoton cewa haska hancin ɓera da irinsu yana rage illar da wani maganin daji ke yi wa garkuwa. To wanne za a kama? Wannan ya ce ta danne, wancan ya ce ta ɗaga. A ganina wannan shi ne babban raunin fagen. Garkuwar jiki ba ta zama wuri ɗaya. Adadin ƙwayoyinta yana hawa da sauka da lokacin yini, da abinci, da shekaru, da hayaniyar ɗaki, har da hannun wanda ya ɗauki dabbar. Motsin lamba a takarda daban, rashin lafiya daban. Tambayar da ta dace ita ce ko dabbar ta kasa yin abin da garkuwa ke yi, wato ƙera makami in an yi mata rigakafi, da tashi in cuta ta kama ta.

Gwaji ɗaya a birane biyu

Bayan rushewar Sobiyet, Hukumar Lafiya ta Duniya, ta hannun shirinta na nazarin igiyoyin lantarki da aka kafa a 1996, ta ga ya kamata a warware zancen Kiyef, tunda a kansa aka gina wani ɓangare na ƙa'idar Rasha. Aka haɗa mutum biyu da ra'ayinsu ya yi hannun riga. Yuri Grigoriev dattijo ne da ya yi aiki a kan lafiyar 'yan sama-jannatin Sobiyet, ya kuma yi imani igiya mai rauni tana da illa. Bernard Veyret na Jami'ar Bordo a Faransa bai gamsu da hakan ba. Da yake tsofaffin takardun ba su faɗi komai dalla-dalla ba, sai da suka zauna suka amince da tsari ɗaya da za a bi a Mosko da Bordo: manyan ɓeraye irin na Wistar, megahaz 2450, maikirowat 500, sa'a bakwai a yini, kwana biyar a mako, har a cika kwana talatin na haskawa. Abin da jikin ɓeran ke zuƙa ya kama wat 0.16 a kilo, ninki biyu na abin da aka halatta wa jama'a. Bayan haka a nemi antibodi a jini, sannan a yi wa mata masu ciki allurar ruwan jinin. Aka kafa kwamitin ƙasa da ƙasa ya sa ido, ya kuma shiga tsakanin masu ba da kuɗi da masu bincike don kada wani ya juya wani.

Faransawa suka fara bugawa a 2009. Ba su ga komai ba. Antibodi bai canja ba, ƙwaƙwalwa ba ta nuna lalacewa ba, 'ya'yan da aka haifa lafiya lau. A 2010 Rashawa suka fito da nasu. Sun ga ƙaruwar antibodi a kan naman ƙwaƙwalwa, amma su da bakinsu suka ce ƙaruwar kaɗan ce kuma ba ta yi kama da ciwo ba. Game da masu ciki, suka ce sakamakon ya karkata inda na Kiyef ya karkata, akwai yiwuwar illa, amma suka yarda bai isa a gina ƙa'ida a kansa ba. A 2011 kwamitin sa ido, wanda Michael Repacholi ke ciki, ya auna aikin biyu ya ce bai gamsu an tabbatar da tsohon sakamakon Sobiyet ba. Grigoriev da mutanensa suka mayar da martani a mujallar da aka buga hukuncin, suka ce ba a yi musu adalci ba.

Mai son ya ce an tashi canjaras yana da 'yar hujja, amma ba haka nake karanta shi ba. Iƙirarin farko babba ne: jiki yana yaƙar ƙwaƙwalwarsa, jini ya zama dafi. Da aka sake gwajin da kayan zamani, ɗaki ɗaya bai ga komai ba, ɗayan kuma, wanda masu goyon bayan iƙirarin ke riƙe da shi, ya ga ɗan abin da shi kansa ya ƙi kiransa ciwo. Illa ta gaske ba ta cika ƙanƙancewa haka ba idan aka kyautata awo. Ita kanta hanyar yi wa mai ciki allurar ruwan jinin wata dabba hanya ce mai hayaniya, domin kamu da sukar allura kaɗai suna iya taɓa ciki.

A daidai waɗannan shekaru wata ƙungiya a hukumar ENEA ta Italiya, da Claudio Pioli da Carmela Marino a cikinta, ta bi garkuwar ƙananan ɓeraye gaɓa-gaɓa da siginar wayar salula ta megahaz 900, sa'a biyu kullum har mako huɗu, a ƙarfin da ya kai wat 2 a kilo. A 2003 suka duba ƙwayoyin saifa. Wani sinadari ya ɗan ƙaru a makon farko, zuwa na biyu ya koma daidai. A 2006 suka yi gwajin da ya fi ma'ana, suka yi wa ɓerayen allurar wani baƙon furotin su ga ko za su ƙera masa antibodi. Suka ƙera kamar kowa. A 2008 suka ciro ɓargon waɗanda aka haska suka dasa wa wasu ɓerayen da eksire ya kashe wa nasu ɓargon, kuma dashen ya kama, ya sake gina musu garkuwa. A 2010 suka haska masu ciki da siginar Wi-Fi, suka bi 'ya'yan bayan haihuwa, ba su sami illa ga ƙwayoyin B ba. Irin wannan aiki ba ya shiga kanun labarai, domin babu editan da ke son kanun da ke cewa ba a ga komai ba.

Har yanzu ana buga takardu masu cewa an ga canji, da yawansu daga ƙananan ɗakunan gwaji, inda wani lokaci wayar hannu kawai ake ajiyewa a ƙarƙashin keji a yi ta kiranta. Waya tana ƙara ƙarfi tana ragewa gwargwadon nisanta da ƙarfen sabis, batirinta yana ɗumi, tana ƙara, tana haske, ɓeran kuma yana kai-komo. Babu wanda zai iya faɗin abin da ya shiga jikinsa. A 2016 Myrtill Simkó da abokan aikinta suka tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan ƙwayoyin halitta a cikin kwalba, suka tarar duk sa'ad da aka cika sharuɗɗan inganci, irin su awon zafi da ɓoye wa mai aunawa wane rukuni yake dubawa, sai rahoton illa ya ragu. Masu zargi su ma ba da hannu wofi suke ba. Wani nazari daga Jami'ar Bern ta Suwizalan a 2007 ya nuna binciken da kamfanonin waya kaɗai suka biya ya fi kowanne ƙarancin ba da rahoton illa. Dole mai karatu ya riƙe duka biyun, ya tambayi wa ya biya, ya kuma tambayi yaya aka auna.

Kada kuma a ɗauka wanke igiyar daga zargin garkuwa ya wanke ta daga komai. Babban gwajin gwamnatin Amurka na NTP, wanda ya ci wajen dala miliyan 30 aka kammala shi a 2018, ya haska ɓeraye sa'a tara kullum har shekara biyu, a ƙarfin da ya kai wat 6 a kilo ga manyan, ya kuma sami hujja bayyananna ta wani ƙari a zuciyar mazan. Abin mamaki, mazan da aka haska sun fi waɗanda ba a haska ba tsawon rai. Tun 2011 hukumar binciken daji ta duniya, IARC, ta sa waɗannan igiyoyi a rukunin 2B, na abubuwan da mai yiwuwa ne su jawo daji. Wannan muhawara ce mai zaman kanta, kuma ba a rufe ta ba.

Zancen garkuwa ya iso mana ne ta wata ƙofa a watan Afrilun 2020, lokacin kullen korona, sa'ad da aka riƙa cinna wa ƙarafan sabis wuta a Ingila, saƙonni kuma suka cika WhatsApp cewa 5G ce ke karya garkuwar mutane har cutar ta kama su. Hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta fito ta ce ƙasar ba ta ma da 5G a lokacin, gwajin ɗan lokaci kawai MTN ya yi daga Nuwamban 2019. Sai a Disamban 2021 aka yi gwanjon lasisi, MTN da Mafab suka samu, a zangon megahaz 3500, wanda bai yi nisa da inda aka shafe shekaru ana gwada ɓeraye ba. Wanda gidansa ke gindin ƙarfen sabis yana da abubuwan damuwa na gaske, ƙarar janareto da hayaƙinsa da tsoron faɗuwar ƙarfen in an yi iska. Ta fuskar igiya kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2006 awon da aka yi a ƙasashe daban-daban ya nuna abin da ke isa ga jama'a daga irin waɗannan turaku yana tsakanin kashi 0.002 zuwa kashi 2 cikin ɗari na iyakar da aka yanke. Ɓerayen Italiya sun zuƙi ninki 25 na iyakar, suka kuma ƙera antibodinsu.

Da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tambayi ɗaruruwan masana abubuwan da suka fi cancanta a sake tantancewa, jerin da aka buga a 2021 ya ƙunshi daji, da illar zafi, da haihuwa, da kaifin tunani, da koke-koken masu cewa jikinsu ba ya jure igiya, da wata irin lalacewar ƙwayoyin halitta da iskar oksijin ke jawowa. Garkuwar jiki ba ta shiga sahun gaba ba. A shekarar ce Grigoriev ya rasu yana da shekara 95, bai janye ko kalma ɗaya ba. Rasha tana nan a kan maikirowat 10 ga jama'a, ƙasashen da ke bin ICNIRP, har da Najeriya, suna kan 1,000 a zangon da Wi-Fi da 5G ke aiki.